Wahala, Laifi da Sa'a a Harshe da Adabin Ostiraliya na Zamanin Mulkin Mallaka

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama da mahauta ko masunta ko 'yan koli ya san cewa kowace sana'a tana da nata bakin, kuma wahalar da ke cikinta ita ce take haifar da mafi yawan kalmominta. Abin da ba a cika samu ba shi ne ƙasa sukutum wadda karin harshenta da adabinta suka tsiro daga bakin fursunoni da 'yan haƙo da ma'aikatan jirgin ruwa, a kuma ce an rubuta tarihin abin tun daga farkonsa. Ostiraliya ta zamanin mulkin mallakar Ingila, watau daga 1788 zuwa 1901, irin wannan ƙasa ce.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda wurare uku, watau teku da daji da ramin zinariya, suka zama tushen kalmomi da jigogin adabin Turawan da suka zauna can. Za a nuna cewa jigogi uku ne suke kai da kawowa a cikin wannan adabi, wahala da laifi da sa'a, kuma babu ɗayansu da za a fahimta ba tare da sauran biyun ba. Ya kamata a lura tun yanzu cewa Ingilishin baƙi ake magana a kai. 'Yan asalin ƙasar sun shekara fiye da 50,000 a cikinta, suna magana da harsuna kimanin 250 kafin zuwan Turawa, kuma za a dawo kan matsayinsu a sashe na 7.0.

2.0 Teku

Babu Baturen da ya shiga Ostiraliya a wancan zamani sai ta ruwa, saboda haka daga teku ya kamata a fara. A watan Mayu na 1787 jiragen ruwa 11 suka tashi daga Portsmouth ƙarƙashin Kyaftin Arthur Phillip, ɗauke da fursunoni fiye da 700. Sun yi wajen wata takwas a hanya, suka kafa sansani a inda birnin Sidni yake yanzu ranar 26 ga Janairu, 1788. Dalilin tafiyar kuwa shi ne gidajen waƙafin Ingila sun cika maƙil, ga shi Amurka, inda a da ake jibge masu laifi, ta sami 'yancin kanta.

Ayari na biyu, na 1790, shi ne ya fi nuna yadda kuɗi yake haifar da laifi a cikin teku. Gwamnati ta ba da kwangilar jigilar ga wani kamfani da ya saba da fataucin bayi, aka kuma yi yarjejeniya za a biya shi fam 17 da sule 7 da sisi a kan kowane fursuna da aka ɗora a jirgi, ko ya isa da rai ko bai isa ba. Ma'anar wannan ita ce, duk fursunan da ya mutu da wuri, abincinsa ya zama riba. Cikin mutum wajen 1,000 da aka ɗauka, kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun mutu a hanya, wasu da dama kuma suka cika bayan an sauke su. Da aka gyara tsarin biyan, aka kuma sa likitan sojan ruwa a kowane jirgi daga 1815, sai mace-macen suka ragu ƙwarai. Kafin a daina wannan jigila a 1868, an kai fursunoni kimanin 162,000.

Bayan an gano zinariya a 1851, sauri ya zama hajar da ake sayarwa. Jiragen filafilai suka riƙa gangarawa kudu mai nisa, inda iska take da ƙarfi, ga sanyi, ga duwatsun ƙanƙara masu yawo a ruwa. A 1852 jirgin Marco Polo ya je Melbon daga Liverpool ya komo cikin ƙasa da wata shida, abin da aka ɗauka abin mamaki ne, amma yara fiye da 50 ƙyanda ta kashe a cikinsa a tafiyar zuwa. A wannan shekara ce kuma zazzaɓin da ƙwarƙwata take yaɗawa ya kashe mutum wajen 100 a jirgin Ticonderoga kafin ya iso gaɓa. Su kuwa ma'aikatan jirage, da zarar an jefa anga sai su sulale su nufi wurin haƙo, har tashar Melbon ta cika da jirage babu masu tuƙa su. Ba a bar 'yan fashi a baya ba: a watan Afrilu na 1852 wasu suka hau jirgin Nelson da dare yana tsaye a tashar, suka kwashe zinariya wajen oza 8,000.

Komawa gida ma ba ta da tabbas. Ranar 26 ga Oktoba, 1859, guguwa ta farfasa jirgin Royal Charter a gaɓar tsibirin Anglesey, saura tafiyar sa'o'i kaɗan ya isa Liverpool. Mutum kimanin 450 suka halaka, da yawansu 'yan haƙo ne masu komawa da abin da suka tara. Marubucin nan Charles Dickens ya ziyarci wurin, ya kuma rubuta abin da ya gani. Wannan hatsari na cikin dalilan da suka sa Ingila ta fara gargaɗin guguwa ga jiragen ruwa a 1861. A wurin mawaƙa da marubuta kuwa, mutumin da ya ci wahalar shekaru ya sami dukiya, sa'an nan ruwa ya cinye shi yana hangen ƙasarsa, ya zama misalin da ake bugawa na rashin tabbas ɗin arziki.

3.0 Daji da Bakin Fursunoni

Mafi yawan fursunonin ba a kurkuku aka ajiye su ba. Rarraba su aka riƙa yi ga masu gonaki da masu kiwon tumaki, su yi aiki a bakin abinci da tufafi. Wanda ya kiyaye sai a ba shi takardar sassauci, ya nemi aikin kansa kafin wa'adinsa ya cika. Wanda ya yi gardama kuwa sai bulala, ko sarƙa da fasa dutse, ko a tura shi wuraren horo mai tsanani irin su Macquarie Harbour da Port Arthur a Tasmaniya, ko tsibirin Norfolk. Dajin da kansa shi ne katangar kurkukun, domin wanda ya gudu bai san abin da ake ci a cikinsa ba, bai san inda ruwa yake ba. A 1822 wani ɗan Ailan mai suna Alexander Pearce ya gudu daga Macquarie Harbour tare da mutum bakwai, yunwa ta sa suka riƙa kashe juna suna ci. An rataye shi a Hobart a 1824, bayan ya sake gudu ya sake aikata irin wannan.

Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne, ƙamus na farko da aka tsara a Ostiraliya ƙamus ne na zaurancen ɓarayi. James Hardy Vaux, ɗan sane kuma mazambaci wanda sau uku ana kai shi ƙasar a matsayin fursuna, shi ya tsara shi a 1812 yana tsare a Newcastle, domin alƙalai su gane abin da masu laifi suke faɗa a gabansu. An buga shi a Landan a 1819. Idan aka bi kalmomin da ke ciki za a ga yadda zaurance yake wanke kansa ya shiga daidaitaccen harshe. Alal misali, kalmar "swag" a wurin Vaux tana nufin kayan sata. Bayan 'yan shekaru sai ta koma nufin ƙunshin bargo da matafiyi mai neman ƙodago yake saɓawa a kafaɗa, har aka sami "swagman", watau mai yawon neman aiki a ƙasa. Haka kuma "new chum" a da sabon shiga kurkuku ne, daga baya ya zama duk baƙon da bai san kan ƙasar ba.

Har ila yau akwai kalmomin sakaya zance. Tun da kunya ce a kira mutum fursuna, sai a ce masa "government man", watau mutumin gwamnati. 'Ya'yan da aka haifa a ƙasar ana kiransu "currency", sunan kuɗin gida mai ƙaramar daraja, waɗanda aka haifa a Ingila kuwa "sterling", sunan fam na ainihi. A nan za a ga cewa da ma'aunin kuɗi aka fara auna darajar mutum, tun kafin a ga zinariya.

4.0 Ramin Zinariya

An san akwai zinariya a ƙasar tun kafin 1851. Wani limamin Kirista masanin duwatsu, W. B. Clarke, ya same ta a 1841, ya kuma ba da labari cewa da ya nuna wa Gwamna Gipps, sai gwamnan ya ce ya ɓoye ta, don tsoron abin da fursunoni za su yi. Amma da mutane suka fara ƙaura zuwa Kalifoniya a 1849, sai gwamnati ta sake tunani. A 1851 Edward Hargraves, wanda ya dawo daga Kalifoniya hannu rabbana, ya ba da sanarwar samun zinariya kusa da Bathurst. An ba shi ladan fam 10,000, alhali abokan tafiyarsa, John Lister da 'yan'uwan nan biyu William da James Tom, su ne suka tono zinariyar da aka kafa hujja da ita. Sai a 1890 wani kwamitin majalisa ya tabbatar musu da haƙƙinsu na ganowa.

A cikin 1851 ɗin aka sami wadda ta fi ta yawa a Ballarat da Bendigo da Mount Alexander, a yankin Biktoriya. Mutanen yankin suka tashi daga kimanin 77,000 a 1851 zuwa wajen 540,000 a 1861, kuma a waɗannan shekaru fiye da sulusin zinariyar da aka haƙo a duniya daga can ta fito. Ma'aikata suka bar iyayen gidansu, 'yan sanda suka ajiye kaki, makiyaya suka bar tumaki. Wanda jiya yake wanke doki, yau yana iya sayen dokin da mai shi. Babban misalin irin wannan sa'a shi ne curin da John Deason da Richard Oates suka tono a Moliagul ranar 5 ga Fabrairu, 1869, a gindin wata bishiya, ƙasa kaɗan ta rufe shi. Nauyinsa ya kai wajen kilo 70, sai da aka fasa shi a kan uwar maƙera kafin sikelin banki ya iya ɗaukarsa, aka biya su fiye da fam 9,000.

Irin waɗannan labarai su ne suka riƙa jawo mutane, amma rabon mafi yawansu shi ne laka da atuni da zazzaɓin taifot da ciwon ido da ruftawar rami. A maƙabartar Pennyweight Flat kusa da Castlemaine an binne mutum wajen 200 a tsakanin 1852 da 1857, mafi yawansu yara. Harshen wurin ya adana wannan rashin sa'a: ramin da aka haƙa ba a sami komai ba ana ce masa "duffer", ko kuma "shicer", wadda aka aro daga wata kalmar ashar ta Jamusanci. Masu tsintar abin da wasu suka bari kuwa ana ce suna yin "fossick". Shi kansa mai haƙon sunansa "digger", abokin raminsa kuma "mate". Tun da mutum ɗaya ba ya iya haƙa da jan guga da wanke ƙasa da gadin tanti, dole ya amince wa wani da ransa da dukiyarsa, saboda haka "mate" ta ɗauki nauyin da ya wuce na abota. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Ostiraliya suka ɗauki sunan "digger" suka sa wa kansu.

Laifin da ya fi damun 'yan haƙo na hukuma ne. An ɗora musu lasin na sule 30 a wata, ko mutum ya samu ko bai samu ba, kuma ba su da ƙuri'a. Wanda aka kama babu takarda sai tara, rabinta na ɗan sandan da ya kama shi, wani lokaci kuma a ɗaure shi a jikin gungume. Idan aka hango 'yan sanda sai a yi ta kiran "Joe" daga rami zuwa rami, kalmar da ake dangantawa da sunan Gwamna Charles Joseph La Trobe. A 1854 sabon gwamna, Charles Hotham, ya ba da umarni a riƙa farautar marasa lasin sau biyu a mako. A watan Oktoba aka kashe wani ɗan haƙo, James Scobie, a Ballarat, kotu ta sallami mai otal ɗin da ake zargi, jama'a suka ƙone otal ɗin. Daga nan 'yan haƙo suka ƙone takardunsu, suka kafa shingen katako a Eureka ƙarƙashin Peter Lalor. Da asubahin 3 ga Disamba, 1854, soja da 'yan sanda suka far musu, aka kashe 'yan haƙo aƙalla 22 da sojoji biyar ko shida cikin ƙasa da rabin sa'a.

An gurfanar da mutum 13 bisa tuhumar cin amanar ƙasa, aka fara da John Joseph, baƙar fata ɗan Amurka, amma ba a sami ko ɗayansu da laifi ba. A 1855 aka soke lasin, aka maye gurbinsa da takardar fam ɗaya a shekara wadda take ba mai ita damar jefa ƙuri'a. Lalor, wanda ya rasa hannu ɗaya a faɗan, ya zama shugaban majalisar dokokin Biktoriya a 1880.

5.0 'Yan Fashin Daji

Kalmar "bushranger", watau ɗan fashin daji, ta bayyana a jaridar Sidni tun 1805. Wanda ake ɗauka na farkonsu shi ne John Caesar, baƙar fata da ya zo a ayarin 1788, wanda yunwa ta sa ya riƙa gudu yana sata har aka harbe shi a 1796. Na farkon duk gudaddun fursunoni ne. Na zamanin zinariya kuwa 'ya'yan ƙasa ne, gwanayen doki, masu dangi a ƙauyukan da suke ɓuya. A watan Yuni na 1862 Frank Gardiner da mutanensa suka tare ayarin rakiyar zinariya a Eugowra, suka ƙwace dukiyar da ta kai fam 14,000. Ben Hall, wanda yake cikinsu, ya taɓa tsare mutanen garin Canowindra kwana uku a wani otal a 1863, yana ciyar da su ana kiɗa da rawa, don ya kunyata 'yan sanda. An harbe shi a 1865. Umarnin da suke ba matafiyi, "bail up", asalinsa kalmar masu tatsar shanu ce, ta sa wuyan saniya a mari don ta tsaya. Masu kai musu rahoton motsin 'yan sanda kuwa su ne "bush telegraph", watau wayar tangarahon daji.

Wanda ya fi su suna shi ne Ned Kelly, ɗan wani ɗan Ailan da aka kawo saboda satar aladu biyu. Ya tashi cikin ƙananan manoma da suke rigimar fili da manyan masu tumaki. A 1878, bayan an ɗaure mahaifiyarsa, shi da mutanensa suka kashe 'yan sanda uku a Stringybark Creek. Suka fasa banki a Euroa da Jerilderie, inda ya ƙone takardun jinginar manoma, ya kuma bar doguwar wasiƙa yana kare kansa. An kama shi a Glenrowan a watan Yuni na 1880 sanye da sulken da aka ƙera da bakin garma, bayan wani malamin makaranta ya tsayar da jirgin ƙasan 'yan sanda da suka shirya kayarwa. An rataye shi a Melbon ranar 11 ga Nuwamba, 1880, duk da takardar roƙon afuwa mai sa hannun mutum fiye da 30,000.

6.0 Yadda Adabi Ya Karɓi Al'amarin

Waƙar baka ce ta fara ɗaukar waɗannan mutane, bisa karin waƙoƙin Ailan, tun daga waƙar Jack Donahue wanda aka harbe a 1830. A. B. Paterson ya tattara irin waɗannan waƙoƙi ya buga a 1905. Shi ne kuma ya rubuta Waltzing Matilda a 1895, labarin mai yawon neman aiki da ya saci tunkiya, ya gwammace ya faɗa ruwa da a kama shi. A ƙuri'ar zaɓen waƙar ƙasa ta 1977 ita ce ta zo ta biyu.

A ƙagaggen labari, Marcus Clarke ya fito da azabar fursunoni a His Natural Life, wanda ya zama littafi a 1874. Rolf Boldrewood, wanda alƙali ne kuma jami'in filin zinariya, ya rubuta Robbery Under Arms da bakin ɗan fashi mai nadama, amma armashin fashin ya rinjayi wa'azin. Henry Lawson, wanda aka haifa a filin zinariya na Grenfell a 1867, ɗan wani ma'aikacin jirgi daga Norway, ya ƙi yarda da masu kambama daji, ya nuna shi wurin fari da kaɗaici. Barbara Baynton ta fi shi tsanani a Bush Studies na 1902, inda mai yawon neman aikin da maza suke wa waƙa ya zama abin tsoron macen da aka bari ita kaɗai a bukka.

Masanin tarihi Russel Ward ya yi bayani a 1958 cewa siffar da mutanen Ostiraliya suke ba kansu, ta riƙon amanar aboki da raina masu mulki, daga waɗannan ma'aikatan daji ta fito. Eric Hobsbawm kuma ya kawo ra'ayin ɗan fashin da talakawa suke ɗauka mai rama musu zalunci. Sai dai wajibi ne a bambanta ɗan fashin waƙa da na tarihi, domin 'yan sandan da Kelly ya kashe su ma suna da iyali, biyu daga cikinsu mata da 'ya'ya suka bari. Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga mai nazarin adabin Hausa, domin duk wanda ya saurari Muhammadu Gambo Fagada, mai waƙar ɓarayi, ya gamu da tambayar ko jin daɗin fasahar mawaƙi yarda ce da aikin wanda ake wa waƙar.

7.0 Waɗanda Aka Bari a Baya

Amanar "mate" tana da iyaka. Sinawa wajen 40,000 ne suke Biktoriya a ƙarshen shekarun 1850. A 1855 aka ɗora harajin fam 10 a kan kowane ɗayansu, saboda haka dubbai suka riƙa sauka a Robe suna taka ƙasa ɗaruruwan kilomita. 'Yan haƙo Turawa suka far musu a Buckland a 1857, da Lambing Flat a 1860 da 1861, kuma wannan ƙiyayya ce ta kai ga dokar taƙaita shigowar baƙi ta 1901.

Su kuwa 'yan asalin ƙasar, dajin da Bature ya kira kufai gidansu ne. An karɓi kalmominsu, irin su "kangaroo" da "billabong" da sunan Ballarat kansa, aka kuma ƙwace ƙasarsu. A Myall Creek a 1838 aka kashe aƙalla 28 daga cikinsu, aka rataye mutum bakwai, hukuncin da ba a cika ganin irinsa ba. Sai a 1992 babbar kotun ƙasar, a shari'ar Mabo, ta rushe da'awar cewa ƙasar ba ta da masu ita.

8.0 Kammalawa

An ga yadda wahalar teku da daji ta tura mutane ga laifi, yadda hukuma ta yi nata laifin, da yadda begen sa'a ya riƙe kowa a wurin. An kuma ga cewa kalma tana iya fitowa daga kurkuku ta zama abin alfahari, kamar yadda zuriyar fursunoni, waɗanda a da suke ɓoye asalinsu, suka koma bincikensa, har UNESCO ta sa wuraren fursunoni 11 cikin kayan tarihin duniya a 2010. Darasin da ke nan ga ɗalibanmu na aiki ne. Da Vaux bai rubuta zaurancen abokan zamansa ba, da ba a san asalin "swag" ba. Zaurancen 'yan haƙo da 'yan kamasho da fursunoni na ƙasar Hausa yana jiran mai tattara shi, tare da bayanin wanda ya faɗa, da inda ya faɗa, da shekarar da aka ji.